Amsa ga ƙanena mai son karanta nazarin wasanni a Amurka: musayar Beltrán da Wheeler

Assalamu alaikum ƙanena. Saƙonka ya iso, rubutun da ka haɗo kuma na karanta shi har sau biyu. Ka ce ka gama digiri a fannin ƙididdiga, kana neman gurbin digiri na biyu a nan Amurka don ka yi aikin nazarin alƙaluman wasanni, shi ya sa ka gwada hannunka a kan besbol. Ka ɗauki musayar da aka yi ranar 28 ga Yuli 2011, inda New York Mets suka ba San Francisco Giants Carlos Beltrán, suka karɓi matashin majefi Zack Wheeler. Hukuncinka shi ne Giants sun tafka wauta: wasa 44 kacal Beltrán ya yi musu, alhali yaron da suka saki ya kai ga kwantiragin dala miliyan 118.

Alƙalumanka daidai suke, amma daga ƙarshen labari ka faro. Ni magoyin bayan Mets ne, na daɗe ina hawa jirgin ƙasa mai lamba 7 zuwa Citi Field, filin wasansu, don haka hukuncin naka ya yi min daɗi. Duk da haka, wanda zai karanta takardarka abin da zai nema shi ne: me aka sani a ranar da aka ƙulla cinikin, kuma me kowane ɓangare ke bukata a lokacin?

Ka saba da ƙwallon ƙafa, inda kulob ke zuba kuɗi ya sayi ɗan wasa. A besbol galibi musaya ake yi, kuma ainihin hajar da ke kan faifai ita ce shekaru. Duk yaron da ya hau babbar gasar besbol ta Amurka, wato MLB, yana hannun kulob ɗinsa har shekara shida kafin ya sami 'yancin neman inda ya ga dama, kusan ukun farko ma albashinsa na ƙasa-ƙasa ne. Beltrán a lokacin yana da shekara 34, yana ƙarshen kwantiragin shekara bakwai na dala miliyan 119. Saura wata biyu ya kama gabansa, ga Mets ba sa cikin masu neman kofi a shekarar, kuma yadda aka rubuta kwantiraginsa ko diyyar zaɓen sabon ɗan wasa ba za su samu ba idan ya tafi. Ke nan Sandy Alderson, babban manajan Mets mai kula da cinikin 'yan wasa, ya ba da wata biyun da ba su da amfani a gare shi ya karɓo damar shekara shida. Har dala miliyan 4 ya haɗa da su don a ba shi yaro mai daraja. Wannan lissafin babu shi a rubutunka, shi ne kuwa ƙashin bayan maganar.

Su kuma Giants su ke riƙe da kofin 2010, suna da majefa na gani na faɗa, amma cin maki ya gagare su tun da gwanin ɗan wasansu Buster Posey ya ji mummunan rauni a watan Mayu. A wurinsu ƙwai a baka ya fi kaza a akurki. Beltrán ya yi musu wasa mai kyau, sai dai ciwon hannu ya ɗan zaunar da shi, suka ƙare bayan Arizona. A ganina sun saya da tsada, amma ba hauka suka yi ba.

Yanzu ga yaron kansa, inda nake so ka fi daɗewa. A lokacin Wheeler yana da shekara 21, shi ne na shida a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2009, yana wasa a San Jose, ƙaramin kulob na Giants, a matakin High-A na ƙananan rukunoni. Bayan wannan akwai Double-A da Triple-A kafin babbar gasa, wato hawa biyu manya na gabansa. Ka kawo cewa ana cin maki 3.99 a hannunsa a kowane zagaye tara, ka ce matsakaici ne. Wannan lambar ita ce mafi ƙarancin amfani a ƙananan rukunoni, saboda masu tsaron filin da ke bayansa su ma 'yan koyo ne, ga shi gasar Kalifoniya da yake ciki an san ta da fifita masu duka. Abin da ya dogara ga hannunsa shi kaɗai za ka duba. A zagaye 88 ya kori masu duka 98 da jifa, wannan ya nuna ƙwallonsa ba ta dukuwa cikin sauƙi. Amma yana barin kusan mutum biyar su wuce kyauta a kowane zagaye tara saboda rashin saiti. Tambayar da masu farautar 'yan wasa suka yi wa kansu ita ce ko rashin saitin nan mai gyaruwa ne. Alƙaluma ba sa amsa wannan su kaɗai.

Na fahimci haka ne a Coney Island, a filin Brooklyn Cyclones, ƙaramin kulob na Mets. Na zauna bayan mai cafe ƙwallo, kusa da wasu mutane masu na'urar auna gudu da littafin rubutu. Na lura ba ruwansu da allon maki. Idonsu na kan inda ƙafar majefin ke sauka, da ko hannunsa na fitowa daga wuri ɗaya a kowane jifa, da ko gudun ƙwallonsa a zagaye na biyar ya kai na zagayen farko. Yaro ya yi jifa mai lanƙwasa, mai duka ya kai wa iska sanda, su duka suka sunkuya suka rubuta.

Sai maganar rauni, wadda ka tsallake gaba ɗaya. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, haka hannun majefi yake. Wheeler ya fara babbar gasa a watan Yunin 2013, sai jijiyar gwiwar hannunsa ta tsinke a Maris 2015, aka yi masa tiyatar da ake kira da sunan Tommy John. Bai yi wasa ba a 2015 da 2016, har Mets suka je World Series, wato wasannin ƙarshe na cin kofi, a 2015 babu shi. Kuɗin nan miliyan 118 kuma Philadelphia Phillies ne suka biya a Disamba 2019, a can ya yi shekarunsa mafi kyau, ciki har da 2021 da ya zo na biyu a kyautar Cy Young ta gwarzon majefi. Ba daidai ba ne ka zuba wannan a ma'aunin Mets. Abin da ya yi musu daga 2013 zuwa 2019 kawai za ka ƙirga, ko shi ma ya fi wata biyun Beltrán nesa ba kusa ba.

Game da zuwanka, kulob 30 ne kawai a babbar gasa, masu neman aiki a ofisoshinsu kuwa sun yi yawa, albashin farawa ba shi da kauri. Shawarata ka nemi digirin ƙididdiga ko kimiyyar bayanai maimakon mai sunan harkar wasanni. Ɗalibi mai bizar F-1 yana samun izinin aiki na wata 12 bayan karatu, fannonin kimiyya da lissafi kuma ana ƙara musu wata 24, kuma digirin zai yi maka aiki a banki ko asibiti idan ƙofar wasanni ba ta buɗe ba. Dokokin biza suna ta sauyawa, ka duba sanarwar ofishin jakadancin Amurka da kanka kafin ka biya ko kobo.

Idan ka sake rubutun, ka gwada hanyar nan a kan musayar 1987, inda Detroit suka ba Atlanta John Smoltz, ɗan shekara 20 da ake cin maki 5.68 a hannunsa a Double-A, suka karɓi Doyle Alexander wanda ya ci musu wasa 9 ba a doke shi ba. Ka rufe ido daga abin da Smoltz ya zama, ka tsaya a watan Agustan shekarar, ka rubuta min abin da za ka gaya wa manajan Detroit. Ka gaida su Baba da mutanen gida.