Tambaya da Amsa: Mene ne Mafi Ƙarancin Abin da Babbar Manhaja Take Bukata?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon aikin kula da sabar, kuma ina so in girka babbar manhajar Linux a kan wata tsohuwar kwamfuta ba tare da tarkacen da ba na bukata ba. Sai dai na lura cewa kowane nau'in Linux yana da abin da yake kira ƙaramin tushe, kuma babu biyu da suka yi daidai: wani yana zuwa da burauza, wani kuwa ko manhajar gyara rubutu babu a cikinsa. Shin akwai ma'aunin da aka amince da shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Babu ma'auni guda da kowa ya amince da shi, kuma dalili shi ne ƙarancin yana rataye ne a kan aikin da za a ba na'urar. Amma akwai gwajin da nake ganin ya fi ƙidayar megabait amfani, wato a tambaya ko tsarin da aka girka zai iya tashi da kansa, ya bar mai shi ya shiga, ya kai ga intanet ko wata ma'ajiya, sannan ya ɗauko sauran abin da ake so ba tare da an koma ga faifan girkawa ba. Tushen da ya cika waɗannan sharuɗɗa ya isa, ko da ƙanƙane ne. Wanda ya gaza ɗaya daga cikinsu kuwa guntu ne, ba tushe ba.

Idan kwamfuta ce ta zahiri irin taka, abin da gwajin yake nufi a aikace sananne ne. Ana bukatar manhajar da ke tayar da na'ura, kamar GRUB, wadda take loda kanel, wato zuciyar tsarin da ke raba ƙwaƙwalwa da lokacin aiki tsakanin manhajoji tare da magana da kayan na'urar. Kanel yana miƙa ragama ga manhajar farko da ke kunna sauran hidimomi, wadda a yawancin manyan nau'o'in Linux a yau ita ce systemd. Daga nan sai laburaren C, wato tarin ayyukan tushe da kusan kowace manhaja take dogaro da shi, da layin umarni, da ƙananan kayan aiki na kwafe fayil da gogewa da duba faifai, da kayan haɗawa da intanet, sannan uwa uba manajan ƙunshi, wato manhajar da ke ɗauko ƙunshin manhajoji ta girka su, irin su apt ko dnf ko pacman, domin da shi ne ƙaramin tsari yake girma.

Inda ake samun saɓani shi ne inda kowace al'umma ta ja layinta, kuma a nan Debian ta fi kowa fayyace matsayinta a rubuce. Tana ba kowane ƙunshi daraja: required ga waɗanda tsarin ba zai yi aiki ba sai da su, important ga waɗanda duk wanda ya saba da Unix zai yi tsammanin samu, standard ga tsarin layin umarni mai matsakaicin cika, sai optional ga sauran. Wasu ƙunshin kuma an yi musu alamar Essential, ma'ana sauran ƙunshi suna da damar ɗauka cewa suna nan ba tare da sun ambace su ba, kuma apt ba zai yarda a cire su cikin sauƙi ba. Manhajar debootstrap, wadda ake girka tushen Debian da ita, tana da zaɓin minbase wanda yake girka waɗannan na dole kaɗai tare da apt. Abin lura shi ne babu kanel a ciki, don haka minbase shi kaɗai ba zai tayar da kwamfutarka ba.

Arch Linux ta bi wata hanya a watan Oktoban 2019, lokacin da ta mayar da rukunin base ya zama ƙunshi guda na dole, ta kuma fitar da kanel da manhajar gyara rubutu daga cikinsa. Wannan ne ya sa jagorar girkawarta take umartar mutum ya ƙara linux da linux-firmware da hannunsa. Hukuncin yana da hujja, domin kwantena, wato keɓaɓɓun wuraren gudanar da manhaja a cikin wata na'ura, irin waɗanda ake gudanarwa da Docker, suna aron kanel na na'urar da ke ɗauke da su, saboda haka ba su bukatar nasu, kuma ba su bukatar manhajar tayarwa. Tushe guda da zai dace da kwantena da kuma kwamfutar zahiri dole ne ya bar waɗannan a waje. A gefen ƙarshe na ƙanƙanta akwai Alpine Linux, wadda hoton kwantenarta bai wuce 'yan megabait kaɗan ba, saboda ta maye gurbin glibc, laburaren C da aka saba da shi, da wani ƙarami mai suna musl, ta kuma yi amfani da BusyBox, manhaja ɗaya da ke yin aikin ɗaruruwan umarni. Bruce Perens ne ya fara rubuta BusyBox a tsakiyar shekarun 1990 domin tsarin girka Debian ya shiga faifan fulofi guda. Farashin wannan ƙanƙanta shi ne manhajojin da aka haɗa domin glibc sukan ƙi aiki a kan musl sai an yi musu dabara.

Wanda ka gani da burauza kuwa wata ma'ana ce daban. Zaɓin ƙaramar girkawa da Ubuntu ta shigo da shi a sigar 18.04 ta 2018 cikakken tsari ne mai tagogi da linzami, an dai rage masa manhajojin ofis da wasanni da makamantansu. A duniyar BSD kuma, wato wani dangin Unix daban da Linux, tambayar ba ta da zafi haka, domin FreeBSD da OpenBSD suna gina kanel da kayan aikin tushe tare a wuri guda, su fitar da su a matsayin abu ɗaya.

Shawarata ga mai koyo ita ce ya girka Debian da ƙaramin faifan girkawa ta intanet, ya cire alamar zaɓin tagogi, ya bar kayan aikin standard da sabar SSH, wadda ake shiga na'ura daga nesa da ita. Wannan ya fi minbase nauyi kaɗan, amma yana zuwa da littattafan bayanin umarni da kayan bincike waɗanda mai koyo zai yi kewarsu tun ranar farko. Wanda ya rage kaya har ya rasa abin gyara fayil ɗin saitin intanet ya zama kamar mai gini da ya jefar da tsani yana kan rufi. Ka kuma kula da manhajojin cikin na'ura, wato firmware, da katin Wi-Fi yake bukata. Tun daga Debian 12 ta 2023 faifan girkawa na hukuma yana ɗauke da su, amma a tsofaffin sigogi rashinsu ya sha barin mutane da kwamfutar da ta tashi lafiya ba ta ganin intanet.

Tambaya: Malam, shin gaskiya ne cewa ƙaramin tsari ya fi tsaro kuma ya fi sauri?

Amsa: Akwai gaskiya a batun tsaro, amma da sharaɗi. Kowace manhaja tana iya ɗauke da kuskure, don haka raguwar adadinsu yana rage ƙofofin da mahari zai gwada, yana kuma rage yawan sabuntawar da ake bi. Wannan ce hujjar da ta sa Microsoft ta fito da Server Core marar cikakkun tagogi a Windows Server 2008. Sai dai hidimar da ke kunne tana sauraron intanet ta fi haɗari nesa ba kusa ba a kan ƙunshin da ke kwance a faifai, kuma ƙaramin tsarin da ba a sabunta shi ya fi babba da ake kula da shi rauni. Haka batun sauri yake: abin da ke cin ƙwaƙwalwa shi ne abin da ke gudana, ba abin da aka ajiye ba. Idan burinka tsarin ya ci gaba da zama ƙarami bayan girkawa, ka riƙa amfani da zaɓin --no-install-recommends na apt, wanda yake ɗauko abin da ƙunshi ya dogara da shi na dole kaɗai, sannan ka duba hidimomin da ke kunne da umarnin systemctl, da ƙofofin da ke buɗe da umarnin ss, ka kashe duk wanda ba ka san dalilin kunna shi ba bayan ka karanta bayaninsa.