An ce za a sa bam a kasuwa kafin Sallah: Faransa ce ke neman dawowa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a babbar kasuwar Njamena. Wani saƙon murya yana ta yawo a WhatsApp, wai za a tayar da bam a kasuwa kafin Sallah. Ɗana mai shekara 14 ne ke taya ni zaman shago, kuma wallahi tun da na ji saƙon barci ya ƙaurace mini, don ina cikin kasuwar ranar da na 2015 ya tashi. Ƙanin maigidana ya ce in kwantar da hankalina, wai dama Faransa ce ke sa bam, tunda an kore ta babu mai sawa, in ma an sa to ita ce ke neman hanyar dawowa. Gaskiya ne? In hana yaron fita?
Wata Hajiya, daga Njamena

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu ranar 11 ga Yulin 2015, ya kwantar miki da hankali. Duk wanda ya ji ƙarar ranar da kunnensa, babu mai ganin laifinsa in ya kasa barci.

Mu fara da saƙon. Ki tuna yadda na ranar ya zo: namiji ne sanye da niƙabi, aka tare shi a ƙofa za a bincike shi, ya tayar, mutum 15 suka rasu. Babu saƙon da ya riga shi isowa. Haka na 15 ga Yuni, a babban ofishin 'yan sanda da makarantar horar da su. Shekau, shugaban Boko Haram na lokacin, ya sha yi wa Idriss Deby barazana a bidiyo, amma mai niyyar kashe taro ba ya faɗin kasuwa da rana, don taron yake so ya tarar. Saƙon murya marar suna, wanda ke ƙarewa da "a tura wa 'yan uwa don Allah", yawancinsa tsoho ne da ake tonowa duk ƙaratowar Sallah. Kada ki tura wa kowa. Ki kai wa shugabannin kasuwa, su kai wa jami'an tsaro, shi ke nan kin sauke naki nauyin.

Maganar ƙanin maigidanki ce ta fi damuna, don kullum sai na ji ta, a majalisa, a mota, har a bakin masu digiri.

Yana da gaskiya a wuri ɗaya: Faransa ba don Allah ta zauna a Chadi ba. A 1969 ta turo soja ne don ta tsare kujerar Tombalbaye daga 'yan tawayen FROLINAT. A 1983 da 1986 ta dawo don ta tare Gaddafi, ta kuma tsaya bayan Hissene Habre, mutumin da kotu a Dakar ta yanke wa ɗaurin rai da rai a 2016 saboda kisa da azabtar da 'yan ƙasarsa. A watan Fabrairun 2019 jiragenta na yaƙi sun yi luguden wuta a kan ayarin motocin 'yan tawayen UFR a Ennedi. Waɗannan ba Boko Haram ba ne, 'yan Chadi ne masu neman kujerar Deby. Abin da Faransa ta tsare shekara da shekaru shi ne filin jirginta na Njamena, da wanda ke kan mulki, da faɗa-a-jinta a tsoffin ƙasashen da ta yi wa mulkin mallaka. Amurka ma da ta kai soja wajen 300 da jirage marasa matuƙa Garwa a 2015, ido take so ta sa a yankin don amfanin kanta. Kai, ko mu da muka tura soja Kamaru a watan Janairun 2015, muka tsallaka Gamboru da Dikwa, ai ba zumunci kaɗai ya kai mu ba. Kayanmu ta Duwala suke shigowa su biyo ta Kuseri, shanunmu Najeriya ake kai su, kuma hanyoyin nan biyu sun kama toshewa. Babu ƙasar da ke kai 'ya'yanta su mutu a ƙasar wani kyauta.

To amma daga "sun zo don kansu" zuwa "su ne ke ɗaura wa yarinya bam" akwai tafiya mai nisa, kuma mutanenmu a tsalle ɗaya suke yin ta.

Ki tambaye shi: akwai sansanin Faransa a Najeriya? Babu. To wa ya tayar da bam a babban masallacin Juma'a na Kano a watan Nuwamban 2014, aka rasa mutum sama da 100? Wa ya tura mata Gwoza a watan Yunin 2024, aka tayar a wurin biki, aka tayar a asibiti, sannan aka bi masu jana'izar waɗanda suka mutu? Boko Haram ce, ƙungiyar da a Maiduguri ta tsiro, kowa ya san Muhammad Yusuf, kowa ya san yadda aka kashe shi a hannun 'yan sanda a 2009. Masu haɗa bam ɗin da yarukanmu suke magana. Kuɗinsu daga harajin kifi da tattasai da shanu yake fitowa, da kuɗin fansa. Njamena kuwa ba a taɓa ta ba sai bayan wata biyar da shigar sojanmu yaƙin. Ramuwa ce, kuma sun ce za su rama.

Na san hujjar da zai kawo, don ita kowa ke kawowa. A 2015 ministan yaɗa labaranmu ya ce kashi 40 cikin 100 na makaman da aka ƙwato ƙirar Faransa ne. To, sojojin yankin nan shekara nawa suka yi suna sayen makaman Faransa? Kuma bariki nawa 'yan ƙungiyar suka fasa suka kwashe rumbun makamai? Babur ɗin da suke hawa ƙirar Sin ne ko Indiya, bindigar da ta fi yawa a hannunsu kalashi ce, amma ban ji wanda ya ce Sin ce ke turo su ba. Inda aka ƙera abu daban, wanda ya miƙa shi daban.

Sai batun "an kore su, an huta". Faransa tana nan da jiragenta aka kashe mana soja kusan 100 a Bohoma a watan Maris na 2020. Tana nan aka kashe wajen 40 a Barkaram a watan Oktoban 2024. Bayan wata ɗaya gwamnati ta soke yarjejeniyar tsaro, aka karɓi sansanin Faransa na Faya, aka karɓi na Abeche, a ƙarshen Janairun 2025 aka karɓi sansanin Njamena. Ba a cika wata biyu ba aka far wa sojojin Kamaru a Wulgo, kusa da Fotokol. Zamansu bai hana ba, tafiyarsu ba ta hana ba, don wutar ba daga ɗakinsu take ci ba.

Kina iya cewa, to mene ne don mutum ya yarda da haka, ai ra'ayinsa ne. Ba ra'ayi ba ne kawai, Hajiya, yana kashe mutane. Wanda ya sa a ransa cewa bam na Nasara ne, Nasara yake dubawa. A Marwa ranar 22 ga Yulin 2015 'yan mata biyu ne suka tayar, ɗaya a kasuwa, ɗaya a unguwar Barmare, bayan kwana uku wata yarinyar ta tayar a Pont Vert. Yara ne da aka sato ko aka ruɗa, babu wanda zai kalle su sau biyu. Wanda ya yarda an huta shi ne zai zagi mai bincike a ƙofar kasuwa, ya ce ana ɓata masa lokaci. Shi ne zai ga baƙo ya kama haya a unguwa, ba a san sana'arsa ba, ba a san masu shigo masa da dare ba, ya ce ina ruwana. 'Yan sintirin Kolofata da Mora da suka riƙa tare masu bam da hannunsu, wasu suka rasa ransu a haka, ba su tsaya jiran Faransa ta tafi ba. Masu ɗora waya a gabansu suna "sharhin tsaro" a Facebook da TikTok kuwa, ko bakin Tafkin Chadi ba su taɓa takawa ba, mabiya suke tarawa. Haushina da su ɗaya yake da na masu sayar da laya wai ƙarfen bam ba ya kama mai ita.

Hukuma ma da nata laifin. Bawan Allah ya kai rahoto, a zaunar da shi wuni guda kamar shi ne mai laifin, a tambaye shi takardun da ba su shafi maganar ba, wani lokacin sai ya ba da na goro kafin ya fita. Gobe ba zai koma ba, kuma duk unguwa za ta ji. Sannan in saƙo irin wannan ya cika gari, jimla biyu a rediyo sun isa a ce an ji kuma ana bincike, amma sai a yi gum, a bar mutane da WhatsApp.

Game da yaron, ban ga dalilin kulle shi a gida saboda wannan saƙon ba. Ki dai ja masa kunne. Kada ya tsaya a cunkoson ƙofa, in layin bincike ya yi tsawo ya koma gefe ya jira. Jaka ko buhun da ba mai shi, kada ya taɓa, ya matsa nesa ya gaya wa babba. Ku ajiye wuri ɗaya a wajen kasuwa inda za ku haɗu in wani abu ya faru, don a irin wannan lokacin layin waya cushewa yake yi. Wanda ya fi duka, ki maimaita masa har ya gaji da ji: in ya ji ƙara, ya yi nesa da wurin, kada ya ruga kallo ko ɗaukar hoto, don sau da yawa su kan zo su biyu, na biyun yana jiran taron da na farko zai tara.