Kada ka yi wa hotunan kakanku laminatin

Ɗana, saƙonka ya iso. Kana tambaya me ya sa muke ɓoye hotunan kakanku a akwati maimakon mu rataye su a bango, kuma ko ka kai a yi musu laminatin ka zubar da nagatif ɗin. Wallahi da na karanta na ƙarshen nan sai da gabana ya faɗi.

Hoton baƙi da fari ƙwayoyin azurfa ne a cikin wani siririn shafe da ake kira jelatin, wanda ake yi da fata da ƙashin dabbobi. Da ya sha danshi sai ya yi laushi, fumfuna ta kama shi, kyankyaso ya samu abin ci. Hoton auren kakanku da ka ga rabin fuskar amarya babu, haka aka yi: ya manne da gilashin firam, ni kuma da ƙuruciya na fizge shi. Har yau abin yana cina. Mai kala ya fi rauni, domin rini ne, rana tana cinye shi, ko a duhu ma zafi yana mayar da shi ja-ja.

Laminatin kuwa zafi ne da gam, in an liƙe an liƙe ke nan, ba mai iya ɓarewa.

Nagatif shi ne uwar hoto, muddin yana nan ana iya wanko wani. Sai dai ka shinshina. In ka ji tsami kamar ruwan kal, fim ɗin asitet ne, wato irin robar da aka yi nagatif ɗin da ita, ya fara ruɓewa, zai motse ya yi ƙuraje, kuma warin yana harbin na kusa da shi, sai ka ware shi. Nagatif ɗin da ya girmi 1951 yana iya zama na naitiret, wata tsohuwar irin robar fim, shi kuwa in ya kama wuta ko ruwa ba ya kashe shi. Wannan kada ya kwana kusa da zafi.

Ka riƙe hoto ta gefe da busasshen hannu. Ka cire robar ɗauri, ka fitar da su daga albam mai gam, ka sa farar takarda marar asid tsakaninsu, akwatin ya zauna wuri mai sanyi nesa da ƙasa. Wanda kake son ratayewa, a kwafe shi a kwamfuta a buga sabo.

In ka zo, ka taho da fensir mai laushi, ban da biro. Akwai mutum huɗu a hotunan nan da ni kaɗai na rage na san sunayensu.