Mubaya'a ai ciniki ne, ɗana

Ɗana na ga saƙonka tun jiya, idon ne ba ya son waya da dare shi yasa ban amsa ba. Ka ce a jami'a an koya muku wai gwamnati yarjejeniya ce tsakanin mutane da mai mulki, to me ya kai mu cire takalmi mu durƙusa mu yi wa sabon hakimi mubaya'a kamar bayi, alhali ba wanda ya tambaye mu kafin a naɗa shi. Tambayar ta yi, amma ka yi saurin yanke hukunci.

Ita kalmar kanta ka duba. Mubaya'a tushenta ɗaya da bai'u a Larabci, wato saye da sayarwa, shi yasa ake miƙa hannu kamar yadda ake yi a kasuwar kara in an sallama sa. Kuma ka taɓa ganin ciniki da mutum ɗaya? Kai ka ba da biyayya da haraji, shi ya ba ka tsaro da shari'ar gaskiya. Sayyidina Abubakar ranar da aka yi masa ai cewa yayi an ɗora shi a kansu ba don ya fi su ba, in yayi daidai su taimake shi in ya karkace su miƙar da shi. A nan ƙasar ma a 1804 bayan hijira daga Degel jama'a ce ta taru a Gudu ta yi wa Shehu Usmanu mubaya'a, ba shi ya ɗora kansa ba.

Su waɗancan Turawan naku masu maganar yarjejeniyar nima na ɗan karanta su lokacin ina koyarwa. Hobbes ya fitar da littafinsa a 1651, a zamaninsa aka yi yaƙin basasar Ingila har aka sare kan sarki a 1649, don haka tsoro ne ya cika shi, yace gara kowa ya miƙa wuya ga mutum ɗaya da a zauna babu shugaba kowa na cin naman kowa. Locke shi yafi kwanta min, yace mulki amana ce, wanda ya ci amana jama'a na da ikon sauke shi. Sai Rousseau a 1762, shi kam jama'a ce sarki a wurinsa. Toh amma kafin a haifi ko ɗayansu Muhammadu Rumfa na Kano, wanda ya hau a 1463, yana da majalisar Tara ta Kano, kuma Shehu Magili ya rubuta masa nasiha kan abin da ya wajaba a kan sarki. Har yau Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta su ne masu zaɓen sarki a Kano, kaga ba gado kawai bane.

Abin da na gani da idona, ina yaro aka naɗa dagaci a garinmu, bayan an gama naɗa rawanin ana ta guɗa da algaita, liman ya riƙe hannunsa bai saki ba, ya jero masa marayu, zawarawa, iyakar gona, burtalin shanu, rijiyar gari, ɗaya bayan ɗaya, mutumin nan gumi har ya jiƙa amawali. Sai bayan nan dattawa suka fara zubewa. Kuma mai unguwar da ya matsa wa mutane da tara ba a yi masa zanga-zanga, da rani sai ka ga gida biyar gida goma sun ɗaure kaya a jaki sun koma ƙasar wani, ya wayi gari yana sarautar kufai, hakimi kuma ya tambaye shi ina kuɗin haraji.

Inda kake da gaskiya, kuma wallahi yana ci min rai, yanzu rabin al'adar kawai muka riƙe. Durƙuson yana nan, hotuna a Facebook suna nan, amma wanda zai riƙe hannun ya faɗi sharaɗin ya yi ƙaranci, kowa na jiran ambulan. Don haka ranar Asabar ka zo mu tafi tare, ka cire takalminka kamar kowa, ni kuma in Allah ya kaimu zan yi masa maganar burtalin da aka nome a gaban mutane. Ka gaida mamanka, ka ce mata maganin ƙafar ya iso.