Amsa ga mai tambaya kan NLC da goyon bayan ɗan takara

Malam, tambayarka wai ya dace ƙungiyar ƙwadago ta fito ta ce ga ɗan takarar da ma'aikata za su zaɓa? Ni dai a ganina a'a.

Ka duba 2023, shugabannin ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, suka mara wa Peter Obi na jam'iyyar Labour baya tunda dama NLC ce ta kafa jam'iyyar tun 2002, amma malamin firamare a Kano ko ma'aikaciyar jinya a Gombe wa ya tambaye su? Kowa da inda ya dangwala, wasu Kwankwaso wasu Atiku wasu Tinubu, kuma duk wata ana cire musu kuɗin ƙungiya iri ɗaya. Sannan ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, NLC ta tashi za ta yi yajin aiki sai 'yan gwamnati suka samu abin faɗa, wai ai 'yan adawa ne zafin faɗuwa ke damunsu. Jam'iyyar ma ba ta tsira ba, a Maris 2024 NLC da kanta ta je ta yi zanga-zanga a hedikwatar jam'iyyar saboda rigimarsu da shugabanta na lokacin, Julius Abure.

Shi kuwa Oshiomhole da ya riƙe NLC daga 1999 zuwa 2007, da ya tashi neman gwamnan Edo ai a jam'iyyar AC ya tsaya ba Labour ba, ƙarshe har shugaban APC ya zama.

Abin da na fi so shi ne shugabannin NLC su kira 'yan takarar duka, kowa ya sa hannu kan mafi ƙarancin albashi da fansho gaban 'yan jarida. Naira dubu 70 ɗin nan ta 2024 da matsin lamba aka same ta ai.