Ɗana Yana Fama Da Sikila: Zunubina Ne Ya Jawo?

Tambaya: Baba Fasto, salama. Ni 'yar Zumuntar Mata ce, a ikkilisiya na girma. Sikila ta ɗauke mini 'yata ta fari tana shekara biyar, yanzu ga ƙanenta da ciwon. Wani mai addu'a ya ce la'anar kakanni ce ke bin mu, wai in daina ba shi maganin asibiti, in kawo kuɗin hadaya a karya ta. In Allah nagari ne, don me yake barin yaro yana kukan ciwon ƙashi har asuba? Ni ce na yi laifi?

Amsa: Sannu 'yar'uwata, Ubangiji ya ta'azantar da ke. Kafin komai, kada ki tsayar da maganin yaron nan ko na yini ɗaya. Sikila gadon jini ce. In uwa da uba duka AS ne, wato suna ɗauke da ƙwayar gadon sikila amma ba su da ciwon, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, wato ciwon sikila, ko su masu bi ne ko ba masu bi ba.

Maganar mutumin nan kuwa, kusan kowane mako sai an kawo mini irinta, kuma tana ƙona mini rai. Mace ta yi ɓari, a ce zunubinta ne. Magidanci ya shanye, a ce bai biya zakka ba. Yaro ya kwanta, a nuna tsohuwar gida a ce mayya ce, zumunci ya watse. Almajiran Yesu ma haka suka yi tunani a Yahaya sura 9, da suka ga wanda aka haifa makaho: laifin wa, nasa ko na iyayensa? Ya ce ba nasa ba, ba na iyayensa ba. A Luka 13 ya tabbatar cewa mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. Abokan Ayuba sun kyauta sa'ad da suka zauna da shi kwana bakwai ba su ce uffan ba. Da suka buɗe baki suna neman zunubin da ya ɓoye, Allah da kansa ya husata da su, duba Ayuba 42:7. Ezekiyel 18 kuma ya ce ɗa ba zai ɗauki alhakin ubansa ba. To wace la'ana ce ta rage wadda jinin Almasihu ya kasa, sai kuɗinki? Siman mai sihiri ya so sayen baiwar Allah da kuɗi, Bitrus kuwa ya ce masa ya hallaka tare da kuɗinsa. Shi Luka ma da ya rubuta Bishara, ai likita ne.

Don me Allah ke bari? Duniyar nan ta lalace tun faɗuwar Adamu, Bulus ya ce dukan halitta nishi take yi, har da jikunanmu. Shi kansa sau uku ya roƙa a cire masa ƙaya, aka ce masa alheri ya ishe shi. Ayuba ba a taɓa faɗa masa dalili ba. Amma Allahn da muke bauta wa bai tsaya daga nesa yana kallo ba. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, a kan gicciye kuma ya yi irin tambayarki da kalmomin Zabura 22. Saboda haka ki yi kukanki gare shi ba tsoro, ba saɓo ba ne.

Ki ci gaba da kai shi asibiti, ya riƙa shan ruwa sosai, ya kwana cikin gidan sauro, ki kare shi daga sanyin hunturu. Da zarar zazzaɓi ya taso, kada ki jira gari ya waye. Ki kuma gaya wa fastonku da dattawa abin da mutumin nan ya faɗa miki, domin ba ke kaɗai yake gaya wa haka ba.