Wane akwatin kwamfuta ne zai jure zafin Maraɗi?

Wani mai shagon buga takardu a unguwar Zariya ya rubuto: "Malam, ina haɗa kwamfutar tebur don aikin shago. Yaron da ke sayo mini kaya a Kano ya turo hoton akwati biyu. Ɗaya gabansa gilashi da fitilu kala-kala, ɗayan baƙi, gabansa raga kawai. Kuɗinsu kusan ɗaya. Wanne zan ɗauka?"

Alhaji, ɗauki mai ragar. Akwati ba ya ƙara wa kwamfuta sauri. Aikinsa ya riƙe kayan ciki, ya bar iska ta ratsa su. A watan Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, wato iskar da fanka ke jawowa ma da zafinta take shiga. In kuma gilashi ya toshe gaba, sai fankar ta yi ta juyi tana neman iska ta ƴar kafar gefe. Furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, idan ya ɗau zafi, da kansa yake rage gudu don kada ya lalace, kai kuwa ka ɗauka cuta ce ta shiga na'urar. Gilashi a gefe ba laifi, amma gaba na iska ne.

Sai ƙura, wadda ita ce babbar abokiyar gabarmu. Ka sa yaron ya duba ko akwai matatar ƙura da ake zarewa a wanke, a gaba da kuma ƙasa. Fanka biyu masu milimita 120 ko 140 su shigo da iska ta gaba, ɗaya ta fitar ta baya. Idan mai shiga ta fi mai fita yawa, iska ce ke fita ta sauran kafofin, ƙura ba ta samun hanyar kutsowa sai ta bi ta matata. Bayan wani hunturu na taɓa buɗe kwamfutata, na tarar ƙura ta yi bargo a kan fanka, don a ƙasa na ajiye ta kusa da ƙofa. Ka ɗora taka a tebur, ka riƙa wanke matatar duk sati biyu lokacin hazo.

Ƙarfen akwatin kuma, yaron ya danna shi da babban yatsa. In ya lotsa kamar gwangwanin madara, bai wuce rabin milimita ba, zai riƙa kaɗawa yana ƙara. Mai kyau yakan kai 0.7 ko 0.8, bakinsa a naɗe, ba ya yanka hannu.

Wani ɗalibi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya ce: "Yaya, na sayi babban allo da katin hoto na hannu. Kowane akwati zai ɗauke su?"

A'a, ƙanena, nemi abin awo kafin ka fitar da ko dala. Babban allo, wato allon da ake haɗa sauran kayan kwamfuta a kansa, wanda masu gyara ke kira kart mer, iri uku ne aka fi sani. ATX da kamfanin Intel ya fito da shi a 1995 milimita 305 ne da 244, Micro-ATX 244 kowane ɓangare, Mini-ITX kuwa 170. Babban akwati yana karɓar ƙaramin allo, ƙarami ba ya karɓar babba. Auna tsawon katin hoton ma, wato katin da ke sarrafa hoton da kwamfuta ke nunawa, da tsayin abin sanyaya furosesa, ka gwada da abin da aka rubuta a kwalin. In allon daga tsohuwar kwamfutar ofis ta Dell ko HP aka ciro shi, yi hattara: da yawansu ramukan kusoshinsu da mahaɗar wutarsu nasu ne su kaɗai, ba sa zama a wani akwati.

Wata mai ɗakin intanet kusa da babbar kasuwa ta tambaya ko ta sayi akwatin da ke zuwa da na'urar raba wuta a ciki, tunda ya fi araha.

Hajiya, araha ba ta ado. A irin wannan haɗi, wajen na'urar wutar ake rage kuɗi, a manna mata takarda mai cewa wat 500 alhali ba ta iya bayar da hakan. Ga wutarmu mai zuwa da ɗaukewa. Ranar da na'urar ta ƙone, tana iya tafiya da allon da ma'ajiyar bayanai. Sayi akwatin fanko, ki sayi na'urar daban, mai shaidar 80 Plus da ke nuna ba ta yawan ɓarnar wuta, daga hannun wanda zai karɓa in ta ba da matsala, don jabun manyan sunaye ma suna yawo. Ki ɗaga ta ki ji: wadda ba ta da nauyi a hannu, kayan cikinta ma ba su da yawa. Abin da ya rage na kuɗin, ki haɗa ki sayi na'urar batir mai riƙe kwamfuta na ƴan mintoci idan an ɗauke wuta.